Mai Dalma da Duron Ruwan Sama

Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran famfo kafin mutane su fara ce masa Mai Dalma. A wancan lokacin babu gidan da bai san bayan banɗakinsa ba a unguwar. Sai aka shiga yayin bututun roba, wanda ko mai sayar da shi zai liƙa maka da gam, aiki ya ja baya, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ƙin durƙuso. Aikin kirki na ƙarshe da ya samu shi ne cire tsofaffin bututun dalma daga wasu gidaje da za a sabunta. Ɗan kwangila ya ce a zubar. Shi kuwa ya nemo amalanke, ya yi sawu huɗu, ya jibge su a bayan ɗakinsa.

"Malam, wannan tarkacen fa?" in ji matarsa.

"Arziki ne."

"Arzikin da sai an yi tuntuɓe da shi za a shiga bayi?"

A ranar shi kansa bai san me zai yi da su ba. Wani masunci da ake kira Dogo ne ya buɗe masa ido. Ya nuna masa wata ƙugiya ta kanti mai kan dalma da jelar gashi, wadda ake jefawa a ruwa ba tare da an maƙala mata tana ba, kifi ya ɗauka ɗan uwansa ne ƙarami ya kai mata cafka. Dogo ya ce tsada gare ta, kuma duwatsun kogi cinye ta suke yi. Mai Dalma ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya ce a ba shi mako guda.

Ya samo dutse mai laushi gida biyu, ya ƙwaƙule siffar kan ɗan kifi a cikinsu. Bututun kuwa sai ya sare shi guntu-guntu, ya tsaga kowane guntu ya shanya a rana kwana biyu, domin ɗigon ruwa guda in ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, fashewa take yi ta watso wa mutum. Tabon da ke wuyansa shi ne shaidar ranar da ya koyi wannan karatu. Tun daga nan ya riƙe doka ɗaya: kada ruwa ya kusanci dalma a kan wuta. Yakan narka ta a tsohuwar tukunyar ƙarfe bisa gawayi, ya yaye dattin da ya taso, ya kwantar da ƙugiya a cikin dutsen, ya zuba da ludayi. In ta huce ya goge, ya shafa fenti, ya ɗiga ido, ya ɗaura jelar gashin zakara.

Masunta suka sa musu suna 'yan rawa. Wasu sun kwaikwaye shi, amma nasu in an jefa a ruwa nutsewa suke yi kamar tsakuwa. Nasa kuwa karkaɗa suke yi, su yi dama su yi hagu, kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Sirrin ba wani abu ba ne, gwaji ne. Ba ya sakin ko ɗaya sai ya ɗaura mata zare ya ga rawarta da idonsa. Ruwan kogi jajawur yake, ba a ganin komai a ciki, don haka a duron da ke tare ruwan sama a ƙarƙashin indararon gidansa yake gwadawa. Ruwan nan garau yake kamar madubi. Wadda ta karkace sai ya ɗan kankare mata ciki da wuƙa, ya sake tsomawa, har ta daidaita.

Shekara goma sha ɗaya da aure kafin Allah ya ba su haihuwa, 'ya mace, daga ita kuma babu ƙari. Tarwaɗa yake ce mata, saboda in ana yi mata wanka ba ta riƙuwa, sai ta sulluɓe daga hannu ta zagaye tsakar gida da kumfa a ka.

"Duk sunayen duniya ka rasa sai kifi?" uwar takan ce.

"To ki kama ta mana, in ba kifi ba ce."

Yarinyar ba ta da abin so kamar kallon gwaji. Yakan ɗora ta a hannun hagu, ya riƙe zare da dama, ita kuma ta leƙa duro tana tafi tana cewa, "Baba, ta yi rawa! A sake!"

Tana shekara uku da rabi ta daina gudu. Ciwon ciki ya fara, ta ƙi abinci, ta koma kuka ba dalili. Kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har wata safiya ta faɗi a bakin ƙofa tana jijjiga, idanu sun juye. A asibiti aka ɗebi jini, bayan kwana biyu likita ya kira su ofis.

"Malam, mene ne sana'arka?"

Ya faɗa masa. Likita ya ajiye biro.

"Dalma ce a jinin 'yarka. Hayaƙinta da ƙurarta guba ne, yaro kuma jikinsa zuƙe ta yake yi fiye da babba."

"Likita, ni da nake tsaye a kan tukunyar lafiyata ƙalau."

"Kai ma za mu gwada ka. Amma ita ce ba ta da lokaci."

Kwana goma sha tara ana ba ta magani. A cikin kwanakin nan Mai Dalma ya kwashe komai daga gidan, tukunya, ludayi, duwatsun zubi da ragowar bututu, ya kai wata rumfa a bakin kogi. Ya ƙone kayan aikinsa na sawa. Ya kankare ƙasar tsakar gida da shebur, zurfin taƙi guda, ya kwashe ta a buhu, ya zuba sabon yashi ya shafe da siminti. In ya tashi aiki a rumfa yakan yi wanka a can, ya sake tufafi, kafin ya doshi gida. Lambar da ke takardar gwaji ta sauka daga sittin da takwas zuwa talatin, aka sallame su. Yarinya ta fara cin abinci, har ta ce "Baba" sau biyu.

Bayan mako biyar suka koma gwaji. Lamba ta hau sittin da ɗaya.

Wannan karon likita bai ba shi kujera ba.

"Ka ce ka fitar da aikin daga gida."

"Wallahi na fitar."

"To daga ina take samu? Jini ba ya ƙarya, Malam. Za mu sake kwantar da ita, amma ka saurare ni. Maganin nan wanke jini yake yi, ba ya gyara abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa. In ta koma gidan nan ta sake ɗauka karo na uku, ba zan iya yi maka alkawarin za ta ƙara magana ba. Ranar Alhamis duba-gari za ta je gidanka. In ba a gano inda abin yake ba, ba zan sa hannu ta koma can ba."

Da suka fito baranda, matarsa ta tsayar da shi. Tana riƙe da butar ruwan yarinyar, wadda take cikowa daga gida kullum.

"Na yi magana da yayata," ta ce. "In an sallame mu, can za mu wuce."

"Tafiyar kwana guda a mota? Har yaushe?"

"Har ta girma."

"Ke, ki ji tsoron Allah. Me ban yi ba? Ƙasar gidan nan da hannuna na..."

"Na gani. Ban ce ba ka yi ba. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina jiran ta, Malam. Ba zan mayar da ita inda ake kashe ta ba, ko da ban san me ke kashe ta ba."

Ranar Litinin ce. Kwana uku ya rage masa, ya kuwa bi gidan nan kamar mai neman allura a rairayi. Ya fito da katifa ya farke ta. Ya kankare fentin ƙofa da na taga. Ya zubar da kwallin matarsa, ya tara kayan wasan yarinyar a buhu. Ya fasa bango ya duba bututun famfo, alhali shi ya sa su da hannunsa kuma ya san na roba ne tun daga titi har madafa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga tukwane a zube a tsakar gida.

"Maƙwabci, tashi za ku yi?"

"Nema nake."

"Me ya ɓace?"

Yaya mutum zai ce yana neman abin da ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya motsi?

Masunta kuwa ba su san da wannan ba, su dai ruwa ya fara ja baya, lokacin kamu ya zo. Da safe yakan je rumfa ya zuba kaɗan, don ko asibiti za a je sai an ci abinci. Waɗanda fentinsu ya bushe ya ƙulle su a leda ya sa a aljihu.

Duba-garin ta iso ranar Alhamis da hantsi, mace ce gajera mai tabarau, da akwatin kwalabe a hannu. Ba ta da yawan gaisuwa. Ta shafa auduga a dakalin ƙofa, a ƙasan gado, a bakin taga, tana ɗiga wani ruwa tana duba launi. Ta tari ruwan famfo a kwalba. Ta sa ya kawo takalmansa ta duba ƙasansu.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce. "Gidaje da yawa na shiga, ban ga wanda ya kankare ƙasa haka ba."

"Ranki ya daɗe, ba yabo nake nema ba. Ki samo min shi."

"Zauna. Faɗa min yadda kake aikin tun daga farko, kada ka tsallake komai."

Ya faɗa mata. Sara, shanya, narkawa, zubi, guga, fenti, ɗaurin jela. Duk a rumfa, babu ɗaya a gida.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, sai sayarwa."

"Yarinyar tana zuwa rumfar?"

"Ko hanyar ba ta sani ba."

"Akwai gidan da take wuni? Maganin gargajiya fa?"

"Babu. Uwarta ko ƙofar gida ba ta barin ta."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Malam, abin da na gani a nan bai kai ya mayar da lamba sittin ba. Zan rubuta cewa ban gano ba."

"In kika rubuta haka, kin raba ni da 'yata."

"In na rubuta ƙarya kuma na kashe ta. Wanne ka zaɓa?"

Ya durƙusa a kan gwiwar nan da ba ta son durƙuso. "Ki ƙara dubawa. Ki fasa duk inda kike so. Rufin ma in kin ce a yaye, yanzu zan hau."

"Tashi, don Allah, ka girme ni." Ta fara mayar da kwalabe cikin akwati.

Ana haka aka yi sallama a ƙofa da murya kamar ta mai kiran kwale-kwale daga tsallake. Dogo ne, da warin kifinsa da komai.

"Mai Dalma! Kana ciki ko ka narke? A'a, baƙuwa gare ka, sannu Hajiya. Kai, wannan gida ko an yi yaƙi?"

"Dogo, ba yau ba."

"Yau ɗin dai. Dubi abin da ka ba ni shekaranjiya." Ya zaro 'yar rawa guda daga hularsa. "Wannan ba rawa take yi ba, zaman makoki take yi. Na jefa ta tun safe, kifi suka zo suka yi mata gaisuwa suka wuce. Ko tun da ka koma rumfa ka daina gwadawa?"

Duk halin da yake ciki, maganar ta sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi.

"Ni? Ban taɓa sakin wadda ban gwada ba. Kawo nan."

Ya karɓa. Ƙafafunsa suka kai shi inda suka saba kai shi kowace yamma, ƙarƙashin indararo. Hannun dama ya zaro zare daga aljihu, na hagu ya ɗaga murfin duro. Ruwa ya bayyana garau, fuskarsa a ciki, kofin roba ja na yarinyar yana rataye a ƙusa a gefe.

Bai tsoma ba. Ya tsaya da murfi a hannu.

"Malam," in ji duba-garin daga bayansa, a hankali, "me za ka yi?"

"Gwaji."

"A nan kake gwadawa? Ba ka faɗa min ba."

"Ba aiki ba ne... an riga an gama su, an yi fenti. Likita hayaƙi ya ce, da ƙura. Wannan babu wuta, babu..." Ya kalli bakin duron, inda ƙarfen ya yi santsi saboda yawan jingina wuƙa. "Ina ɗan kankarewa. Kaɗan. In ta karkace."

"Wa ke shan ruwan nan?"

Ya ajiye murfin a ƙasa.

"Ruwan famfonmu yana zuwa da laka. Mu shi muke sha. Wannan mai kyan uwarta ta hana kowa taɓawa." Ya nuna jan kofin. "Na yarinya ne."

Dogo ya cire hularsa. "Innalillahi."

Shi da Dogo suka kama duron suka kwantar. Ruwa ya malale a kan sabon siminti, daga ƙarshe wani toka-tokan taɓo ya biyo baya, cike da ɓarɓashi masu ƙyalli kamar ɓawon kifi. A cikinsa akwai 'yan rawa bakwai da zarensu ya tsinke a shekarun baya, fenti ya ɓare, jikinsu ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Duba-garin ta taɓa audugarta a taɓon, ta ɗiga ruwanta. Kafin ta ɗago hannu audugar ta rine.

Mai Dalma ya zauna a cikin ruwan, bai ma san ya zauna ba. Shi ne fa ya cire bututun nan daga gidajen mutane. Ya tuna har bayani ya yi wa wata tsohuwa da ta hana a taɓa mata bango, ya ce mata, Iya, ruwan da ya kwana a cikin dalma ba na sha ba ne. Shekara da shekaru yana tsare dalmarsa kada ruwa ya faɗa mata, bai taɓa tsare ruwa kada dalma ta faɗa masa ba.

"Ranki ya daɗe, ki rubuta ni ne."

"Zan rubuta duro ne. Kuma zan rubuta an gano." Ta cika kwalba da taɓon ta rufe. "Wannan duron kada ya ƙara riƙe ruwan kowa."

Ya tashi ya ɗauko kurfi da guduma. Bai tsaya ba sai da ya huda gindin duron wuri tara, Dogo yana riƙe masa. Yana cikin bugu na ƙarshe ya tuna da butar. Ya yar da guduma ya fita da gudu, da gwiwar da komai, wandonsa yana ɗigar ruwa.

Ya same su a ɗakin yara. Tarwaɗa tana kwance, an maƙala mata robar ƙarin ruwa a hannu, uwar ta tallafo kanta tana shirin kai mata kofi baki. Ya fizge kofin, ruwa ya zube a zanin gado.

"Malam! Lafiyarka?"

"Na duro ne?"

"Na duro mana, wanne zan ba ta? Da safe na aika aka ɗebo, na tafasa..."

Ya faɗa mata, a tsaye, da kofin a hannu. Ya zaci za ta yi ihu, ya ma fi son ta yi. Sai ta zauna a bakin gado tana kallon butar.

"Ina gani kana tsomawa," ta ce. "Kullum ina tsakar gida ina gani. Har dariya nake yi in tana tafi."

"Laifina ne."

"Ni nake tafasa mata. Sau biyu nake tacewa da farin ƙyalle. Ko a nan, da nas ta ce in ba ta na asibiti, cewa na yi namu ya fi tsabta." Ta toshe bakinta da mayafi, tana kuka. Matar gadon kusa ta juya fuska bango don ta ba su wuri.

Ya ɗauki butar ya fita da ita, ya miƙa wa nas ya ce a kai wa likita.

Ba su tafi gidan yayarta ba. Matar ta ce za ta ga gwaji biyu tukuna, jakarta kuma ta bar ta a ɗaure a bayan ƙofa. Na farko ya nuna talatin da huɗu. Na biyu, bayan mako shida a gida, ashirin da biyu. Likita ya ce hanya ta yi kyau, amma maganar baki sai a jira, wani abin yakan dawo, wani ba ya dawowa.

Mai Dalma yana nan yana zubi a rumfarsa, don ba shi da wata sana'ar. Ya samo wata babbar kwalba mai faɗin baki, a ciki yake gwaji yanzu, ya rubuta mata GUBA da jan fenti, ko da yake babu mai shiga rumfar sai shi. Ba ya ƙara shigowa gida da komai a aljihu. Matarsa takan laluba duk da haka, shi kuma yakan ɗaga hannu ya tsaya har ta gama. Dogo ya ce 'yan rawan yanzu ba su kai na da ba, kwalba ba ta da zurfin duro. Ya ce masa ya yi haƙuri da su haka.

Yarinyar tana da kalma shida. Yana lissafe da su, in ta ƙara ɗaya har maƙwabta sai sun ji. Ranar Asabar da ta wuce uwar tana madafa, shi ya karɓi wankan. Ya zaunar da ita a baho, ya saɓa mata sabulu a baya, tana zaune shiru yadda ta saba zama tun da ciwon ya zo. Ya juya zai ɗebo ruwan ɗauraya, sai ya ji hannunsa wayam. Ta sulluɓe. Taku biyar ta yi a kan siminti, da kumfa a ka, kafin ta faɗi zaune.

"Ke!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Fito ki gani!"

Ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"To me kake jira?" ta ce. "Kama ta mana, kada ta ji ciwo."

Ya miƙa hannu, yarinyar ta zame ta bi ta ƙarƙashinsa. Jakar tana nan a bayan ƙofa, ba a kwance ta ba tukuna. Uwar ta ce a ƙara ɗaya a kan biyun, saura gwaji na wata mai zuwa.